Kalmar “shoo” a Turanci: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake kora da ita

Masu koyon Turanci sukan ci karo da wannan 'yar gajeriyar kalma a littattafan yara da finafinai da hirar Turawa ta yau da kullum, alhali ba kasafai ake koyar da ita a aji ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Mece ce “shoo”, kuma a bakin wa ake jin ta?

Asalinta kalmar motsin rai ce, sautin da Bature yake yi idan zai kori kaza daga ƙofar ɗakin girki, ko ƙuda daga kan abinci, ko kyanwar maƙwabta da ta shigo lambu. Aikinta ɗaya da “as!” ɗin da ake yi wa kaji a gidajenmu. Ba a cika faɗinta sau ɗaya ba. Yawanci a jere take zuwa, “Shoo! Shoo!”, ko a haɗa ta da wata 'yar kalma, “Go on, shoo!”, kuma hannu yana tafiya tare da baki.

Daga wannan sauti ne aka sami aikatau. Idan aka ce “She shooed the hens away”, ana nufin ta kori kajin, ko da ba ta furta sautin da bakinta ba, ko da tsintsiya ko bakin zane kawai ta kaɗa musu. Ana jin kalmar a Ingila da Amurka da Kanada da Ostareliya, a birni da ƙauye, a bakin tsoho da yaro. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne korar da take nufi mai sauƙi ce: babu duka, babu jifa, babu bi da gudu, kuma wanda ake korar bai kai a ji tsoronsa ba.

Yaya ake furta ta?

Bahaushe ba shi da matsala a nan, domin duka sautukan biyu akwai su a harshensa: “sh” kamar na shanu, sai dogon wasali “uu” kamar na farkon shuka. Gaɓa ɗaya ce, “shuu”. Furucinta daidai yake da na “shoe”, wato takalmi, babu bambanci ko kaɗan. Ma'anar jimla ce kawai take raba su a kunne.

Inda ake samun tangarɗa shi ne a shuɗaɗɗen lokaci. Kalmomi uku ne suke kusa da juna: “shooed” mai dogon wasali da “d” a ƙarshe, “should” mai gajeren wasali, da “shoot” mai dogon wasali da “t” a ƙarshe. Da yake kalmomin Hausa galibi da wasali suke ƙarewa, mai koyo yakan haɗiye baƙin ƙarshe ko ya mayar da “d” ta koma “t”. Sakamakon ba ƙarami ba ne. Wanda ya so ya ce ya kori kare, “I shooed the dog”, sai a ji kamar maganar harbi yake yi. Maganin abin shi ne a ja wasalin sosai kafin “d”, domin a Turanci wasalin da ya zo kafin “d” ya fi na kafin “t” tsawo, kuma da wannan tsawon ne Bature yake rarrabe su fiye da baƙin kansa. Idan ana shakka, a ƙara “away” a bayan karɓau, wato sunan abin da aka kora. Babu wanda zai ji “shooed the dog away” ya yi zaton bindiga.

Turancin ƙauye ce ko daidaitacce?

A ƙauye ta girma, tsakanin kaji da dinya da gonar alkama, amma yau tana cikin kowane babban ƙamus na Turanci. Tun ƙarni na 15 aka same ta a rubuce a matsayin sautin kora, aikatau ɗin kuma ya biyo baya. Don haka ba kuskure ba ce, ba kuma zagi ba ce. Matsayinta dai na hira ne: ta dace da labari da jarida da maganar gida, ba ta dace da takardar kotu ko rahoton ofis ba.

Masana asalin kalmomi suna ganin kwaikwayon sauti ce, ba daga wata tsohuwar kalma aka samo ta ba. Hucin “shhh” yana razana tsuntsaye da ƙananan dabbobi, shi ya sa ake samun makamanciyarta a wasu harsunan Turai, kamar “sciò” na Italiyanci. Jamusanci ma yana da aikatau “scheuchen” mai ma'anar korar tsuntsaye ko dabbobi, wanda daga gare shi suka gina sunan mutum-mutumin gona.

Yaya ake sarrafa ta a jimla?

Siffofinta huɗu ne: shoo, shoos, shooed, shooing. Wasalan “oo” ba sa raguwa a ko'ina. Wanda ya rubuta “shoed” ko “shoeing” ya koma maganar sanya wa doki takalmin ƙarfe a kofato, wanda aikin maƙera ne. Na'urar gyaran rubutu ta waya ko kwamfuta ba za ta kama wannan kuskure ba, domin duka biyun kalmomi ne na gaskiya.

Aikatau ne mai neman karɓau, dole a faɗi abin da aka kora. Bayan haka kusan kullum akwai kalmar da take nuna inda aka nufa da shi:

“away” idan nesantawa kawai ake nufi: “He shooed the flies away.”

“off” idan daga kan wani abu ne: “She shooed the cat off the table.”

“out of” idan daga cikin wuri ne: “They shooed the goat out of the kitchen.”

“into” ko “towards” idan ana kaɗa abin zuwa wani wuri: “She shooed the children into the house.”

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin yana nuna kalmar ba ta tsaya ga nesantarwa ba. Tana ɗaukar ma'anar kaɗawa, irin yadda ake kaɗa kaji su shiga akurki da magariba.

Sai ƙa'idar wurin zaman karɓau, wadda masu koyo suke yawan faɗawa cikinta. Idan karɓau suna ne, yana iya zuwa kafin “away” ko bayanta: “shoo the birds away” da “shoo away the birds” duk daidai ne. Idan wakilin suna ne kuwa, tsakiya kawai yake zama: “shoo them away”. Cewa “shoo away them” kuskure ne kai tsaye. Idan sunan ya yi tsawo, an fi ajiye shi a ƙarshe don kada “away” ta yi nisa da aikatau: “He shooed away the pigeons that had gathered on the roof.”

Ana kuma iya ɓoye wanda ya yi korar, kamar a “We were shooed out of the room”, wato an kaɗo mu waje. Mai faɗin haka yawanci yana ɗan ƙorafi ne cikin raha, yana nuna an ɗauke shi kamar yaro.

Me ake kora da ita, me kuma ba a kora?

Sharuɗɗa uku ne. Abin ya kasance mai rai da zai iya tafiya da kansa, ya kasance ƙarami ko marar haɗari, kuma laifinsa damu ne kawai. Ƙuda, sauro, tattabara, hankaka, kaza, agwagwa, kyanwa, ɗan kwikwiyo, akuya, yaran da suka cika ɗakin girki ana aiki: duk waɗannan nata ne.

Da zarar abu ya yi girma ko ya zama barazana, Turanci yakan sauya kalma. Ɓarawo ko kura “chase off” ko “scare off” ake yi musu. Mayaƙan da suka kawo hari “drive back” ko “repel”. Ɗalibin da aka kora daga makaranta “expel”, ɗan haya “evict”, baƙon da ƙasa ta mayar gida “deport”, ma'aikaci “dismiss” ko “sack”, aljani kuwa “cast out”. Hausa takan wadatu da “kora” a kusan duk waɗannan wurare, shi ya sa mai koyo yake ɗaukar kalmar Turanci guda ya baza ta ko'ina. Wanda ya rubuta cewa sojoji sun “shooed” 'yan bindiga daga gari, ko dai ya yi kuskure, ko kuma da gangan yake raina faɗan, yana nuna ba a yi wata arangama ba. Marubuta sukan yi hakan don ban dariya, amma sai wanda ya san nauyin kalmar zai iya wasa da ita.

Abu marar rai ba a yi masa “shoo”. Ƙura “brush off” ake yi mata, hayaƙi “wave away”. Amma tunani da damuwa da tambaya sun samu shiga ta hanyar aro: “She shooed the thought away” na nufin ta kawar da tunanin kamar yadda ake kaɗe ƙuda. Idan jarida ta ce wani minista “shooed away questions”, zarginsa take yi a fakaice da cewa ya wulaƙanta tambayoyin.

Zan iya ce wa mutum “shoo”?

Nan ne wurin taka-tsantsan. Uwa takan ce wa 'ya'yanta, kaka ga jikoki, mata ga mijin da ya tsaya yana ɗanɗana miya kafin ta nuna, aboki ga aboki cikin dariya. A irin waɗannan wurare kalmar har ƙauna take ɗauke da ita, musamman idan an haɗa da murmushi: “Shoo, I'm busy!”

Ga wanda ba ka saba da shi ba kuwa, ko wanda ya girme ka, ko abokin ciniki, ko mai roƙo a titi, wulaƙanci ce. Ba don tana da zafi ba. Akwai kalmomin da suka fi ta zafi nesa ba kusa ba. Illarta ita ce ta ajiye mutum a sahun kaji. Wanda aka daka wa tsawa an ɗauke shi abokin faɗa, wanda aka yi wa “shoo” kuwa ba a ma ɗauke shi mutum ba. Ma'aikacin otal ko shago ko asibiti a Ingila ko Amurka da ya yi wa baƙo haka yana iya jawo wa kansa ƙorafi a gaban manaja.

Idan ana so mutum ya ba da wuri cikin mutunci, akwai hanyoyin da Turawa suka saba da su. “Could you give us a minute?” idan ana son keɓewa. “I won't keep you” ko “I'll let you get on” idan ana so a sallami baƙo, inda mai magana yake nuna kamar shi ne yake tsare mutumin. Ga yara akwai “run along” da “off you go”, waɗanda suka fi “shoo” laushi.

A lura da bambanci tsakanin faɗa wa mutum kalmar da ba da labari da ita. “The nurse shooed the visitors out” jimla ce lafiyayya ko da baƙin dattawa ne, domin tana siffanta yadda ma'aikaciyar jinyar ta lallaɓa su waje ne, ba wai ta furta sautin ba.

Wane motsin hannu ne yake tafiya da ita?

Ana miƙa hannu, tafin yana kallon ƙasa, yatsu a sake, sai a riƙa watsa su waje daga wuyan hannu sau biyu ko uku. Turawa suna kiran wannan “shooing motion”, kuma shi kaɗai ya isa ba tare da magana ba.

Akwai wani ruɗani da yake faruwa da matafiya. A ƙasar Hausa da wurare da yawa na Afirka da Asiya, idan za a yafito mutum, tafin hannu ƙasa yake kallo, ana janyo yatsu ciki. Bature kuwa tafinsa sama yake kallo idan yana kira. Daga nesa ba a gane ko yatsun ciki suke zuwa ko waje, don haka mutumin Landan yana iya ganin ana yafito shi ya ɗauka korarsa ake yi, ya juya ya tafi da fushi. A can, idan za a kira mutum, a juya tafin sama.

Mene ne bambancinta da “scat” da “scram” da sauransu?

“Scat” ta fi tafiya da kyanwa, kuma ta fi kaifi. “Scram” ta Amurka ce, ta bayyana a ƙarshen shekarun 1920, mutane ake yi wa ita, da nufin su ɓace yanzu-yanzu. “Git” furucin karkarar Amurka ne na “get”, ana yi wa kare ko mai kutse a gona. Amma a Birtaniya kalma mai irin wannan rubutu zagi ce ga mutum, don haka a kiyaye. “Skedaddle” ta yaɗu lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 da ma'anar arcewa, yau kuma cikin wasa ake faɗinta. “Vamoose” daga “vamos” na Sifaniyanci take, wato mu tafi. Birtaniya tana da “hop it” da “clear off” da “buzz off”.

Babban bambancin na nahawu ne. Waɗannan duka umarni ne ko bayanin tafiyar mai tafiya, ba sa ɗaukar karɓau da ma'anar kora. Ba a cewa “I scrammed the boys”. “Shoo” ce take aiki ta fuska biyu, sautin kora da kuma aikin korar.

Akwai wasu kalmomin karin harshe masu irin wannan aiki?

Da yawa, kuma mafi yawansu daga noma suka fito. A Ailan ana amfani da “hunt” da ma'anar kora, ba farauta ba: “She hunted them out of the house.” A can ma ana jin “hoosh” wajen kaɗa dabbobi. A kudu maso yammacin Ingila akwai tsohon aikatau “gally”, wato razanarwa, wanda ya haifar da “gallicrow”, sunan mutum-mutumin gona a Dorset, da “gallybagger” a tsibirin Wight. Mutanen Norfolk suna ce masa “mawkin”, na Somerset “mommet”, na Sikotilan “tattie-bogle”, wato dodon gonar dankali. A Afirka ta Kudu akwai “voetsek” da Turancin can ya aro daga harshen Afrikaans. Kare ake yi wa ita, kuma faɗa wa mutum ita neman rigima ne.

Yawan waɗannan kalmomi yana da dalili. Korar tsuntsaye daga gona aikin yara ne na kuɗi a Ingila har cikin ƙarni na 19. Yaro yakan wuni a gona shi kaɗai daga asuba, yana ihu yana kaɗa 'yan katakai masu ƙara don hankaki kada su tone iri. Joseph Arch, wanda aka haifa a 1826 a Warwickshire, ya fara wannan aiki yana ɗan shekara 9, daga baya ya jagoranci kafa ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan gona ta ƙasa a 1872, har ya shiga majalisar dokoki a 1885. Dokokin ilimi na 1870 da 1880, waɗanda suka kai ga tilasta wa yara zuwa makaranta, sun janye su daga gonaki sannu a hankali, kalmomin kuma suka fara dushewa. Abin da ya tsira a rubuce, bashin masu tattarawa ne irin su Joseph Wright, wanda ya fitar da ƙamus na karin harsunan Turanci mai juzu'i 6 tsakanin 1898 da 1905, da kuma binciken da Harold Orton na Jami'ar Leeds ya jagoranta daga 1950 zuwa 1961, inda aka yi hira da tsofaffi a wurare 313.

Shawararmu ga mai koyo ita ce ya san waɗannan don ganewa idan ya ji su, kada ya ɗauka yana amfani da su. Ko a Ingila, matashin birni ba lalle ya san “gally” ba.

Mene ne “shoo-in”, kuma me ya haɗa shi da kora?

Suna ne da ake ba wanda nasararsa ta tabbata tun kafin a fara: ɗan takarar da ba shi da abokin karawa na kirki, ko ƙungiyar da kowa ya san ita za ta ɗauki kofi. “She is a shoo-in for the job” na nufin aikin nata ne. Da “for” ake haɗa shi, ko da “to” da aikatau: “a shoo-in to win”.

Daga filin tseren dawakai na Amurka ya fito a farkon ƙarni na 20. Idan mahaya suka haɗa baki, sai su ja linzamin dawakansu su bar wani doki da aka zaɓa ya wuce, tamkar sun kaɗa shi zuwa layin ƙarshe. Ma'anar kaɗawa ciki ke nan da aka yi bayani a sama. Yau zargin maguɗin ya goge, ana faɗin kalmar ba tare da nufin an yi cuta ba. Ana rubuta ta da karan-ɗori, jam'inta “shoo-ins”. Turawa da kansu sukan rubuta “shoe-in”, suna zaton maganar zura ƙafa a takalmi ce, amma editoci kuskure suke ɗaukarsa.

Na ji mutanen Warri suna cewa “shoo!” ba tare da suna korar komai ba. Ita ce?

A'a. Wannan “shuo” ce ta Turancin buroka na yankin Neja Delta, alamar mamaki ce, kusa da “ikon Allah!” ko “kai!”. A Afirka ta Kudu ma akwai “sjoe”, wadda wasu suke rubutawa “shoo”, ta mamaki ko gajiya ko jin zafin rana. Kama ce ta sauti kawai.

“Shoofly” fa?

A jihar Pennsylvania ta Amurka sunan wani kek ne mai zaƙi da ake yi da baƙin ruwan rake mai kauri, abincin zuriyar Jamusawan da suka zauna a can. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Amurka kuma suna kiran layin dogo na wucin gadi da aka kewaya da shi wurin gyara da wannan suna.

Zan iya amfani da ita a jarrabawar WAEC ko NECO?

A insha'in labari, ƙwarai kuwa, in dai a wurinta take. “My grandmother shooed the hens out of the room” ta fi “sent the hens out” kyau, domin tana nuna yadda aka yi korar. Idan sautin ne a bakin wani cikin labarin, a sa shi tsakanin alamun zance da babban baƙi da alamar motsin rai: “Shoo!” she cried. A wasiƙar hukuma ko muƙala ko rahoto kuwa a bar ta, a ɗauki “drive away” ga dabbobi, “ask to leave” ga mutane, “disperse” ga taro.

Wani abu da masu duba takarda suke yawan ja wa layi shi ne Turancin Nijeriya na “drive” da “pursue” tsurarsu. Ana cewa “They drove him from school” ga yaron da aka koro saboda kuɗin makaranta, alhali Bature zai fahimci a mota aka ɗauko shi. Daidaitacciyar hanyar ita ce “He was sent home”. Haka “pursue the goat” a kunnen Bature bin akuyar ne don a kama ta, ba don ta tafi ba. Idan akuya ce ta sa baki a buhun masara kuma ana so ta bar wurin, “shoo the goat away” ko “chase the goat away” ake rubutawa, kuma “chase” tana nuna an bi ta da gudu, “shoo” kuwa daga inda ake tsaye aka kore ta.